Ƙwaron Wake: A Toshe Masa Iska, A Bar Guba

Jama'a, ga kaka ta yi, an roro wake a ƙasar Gaya da Ajingi. Saura aiki ɗaya, watau ajiya, kuma a nan ne yawancinmu ke hasara.

Ƙwaron wake ɗan mitsitsi ne, amma ɓarnarsa babba ce. Tun a gona macen ke saka ƙwai a jikin kwanso. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin ƙwayar wake ta yi ta ci, kafin wata guda ta fito ƙwaro, shi ma ya hayayyafa. Kadan aka sake, kafin damina buhu ya zama huji da gari.

Saboda tsoron wannan waɗansu ke yayyafa wa wake Sniper. A ganina wannan mugun ciniki ne. Maganin feshin gona ne, ba a yi shi domin abin da za a ci ba, kuma 'ya'yanmu ne za su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda irin gubar da ke cikin wannan magani. Abin da baƙo ya ƙi saye, don me za mu zuba a tukunyarmu?

Ga hanya mai sauƙi. Ƙwaro numfashi yake yi kamar kowane mai rai. A shanya wake ya bushe ƙarau, a sheƙe, sa'an nan a zuba a jarka ko duro mai murfi, a cika fal, a toshe. Ko kuwa a sayi buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne a matse iska a ɗaure shi daban. In iska ta ƙare, tsutsa ta daina ci ta mutu. Amma fa kada a riƙa buɗewa, a kuma tsare shi daga ɓera.

Wani zai ce buhun da tsada. Gaskiya ne, ya fi buhun banza kuɗi, amma in bai huje ba ya kan sake shekara. Malam falke, kai ma ka lissafa: waken da ya kai bazara ba huji, ba wari, shi ke da daraja a Dawanau.

Mu toshe tun yau, kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe. Allah ya sa albarka a abin da muka noma, amin.