SHARHI: Tiyon leƙa ciki a lokacin annoba

Ran 11 ga watan Maris na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annoba mai game duniya. Kwana takwas bayan haka aka samu mutum na farko mai ɗauke da ita a birnin Yamai. Ran 5 ga watan Mayu na 2023 hukumar ta ɗage matakin gaggawa, jama'a suka aje takunkumi. Amma akwai ɗaki guda na asibiti inda batun bai ƙare ba, shi ne ɗakin da lokotoro ke leƙa cikin majinyaci, aikin da ake kira fibiroskofi.

Ga yadda aikin yake. Ana zura wani siririn tiyo mai lanƙwasa, mai fitila da ido a bakinsa, ta maƙogwaro har tumbi, ko kuwa ta dubura har babban hanji, domin a gano gyambo, ko inda jini ke zuba, ko sankara. Sa'ad da tiyon ke shiga, majinyaci kan yi tari da kakari da gyatsa, ga shi babu halin ya rufe baki, tsakaninsa da lokotoro kuwa bai kai taki ɗaya ba. A irin wannan feshi ƙwayar korona take tafiya. Saboda haka ne, tun cikin Maris na 2020, ƙungiyoyin likitocin ciki na Turai da Amurka suka ba da shawara a ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba, a binciki kowane majinyaci game da zazzaɓi da tari, ma'aikata kuma su sanya takunkumi mai tacewa, da tabarau, da riga, da safar hannu.

Shawarar ta kare ma'aikata, sai dai ba a banza ta zo ba. A Ingila, cikin watannin farko, aikin ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, masu sankara da yawa ba a gano su da wuri ba. Rufe ɗakin ɗungum, ke nan, gudun gara ne a faɗa zago.

Shi kansa tiyon fa? Korona ba ta da wuyar kashewa: kitse ne rigarta, sabulu da magani suna narka ta. Abin tsoro a nan ya girme ta. Ba a dafa tiyon a tukunyar tururi kamar almakashi, domin zafi yana lalata shi, kuma akwai ƴan hanyoyi matsattsu a cikinsa inda jini da majina ke maƙalewa. Sai an goge su da buroshi, a jiƙa tiyon cikin magani har lokacinsa ya cika, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a busar. A shekarar 1997 likitoci a Faransa sun ba da labarin majinyatan da suka ɗauki ciwon hanta nau'in C ta hanyar tiyon da ba a wanke yadda ya kamata ba. In haka ta faru a inda kayan aiki suka wadata, ƙasar Nijar, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, ba ta da dalilin sakin jiki.

Wajibi ne, saboda haka, shugabannin asibitoci, daga Yamai har Damagaram, su sanya maganin wanki da takunkumi cikin kasafin kowace shekara, kada a jira sai annoba ta buga ƙofa. A yi wa ma'aikatan ɗakin allurar rigakafin ciwon hanta. A rubuta sunan kowane majinyaci tare da lambar tiyon da aka yi masa aiki da shi. Kada kuma wani babba ya matsa wa mai wanki ya gaggauta don layi ya yi tsawo.

Su ma majinyata suna da nasu nauyi. Mai zazzaɓi ko tari ya faɗa tun kafin a kwantar da shi. Wanda ke aman jini, ko ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, kada tsoron annoba ya zaunar da shi gida. Irin nasa ba ya cikin waɗanda ake ɗagewa.