Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, Mu Tsare Sirrin Wayoyinmu

Manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa, 'yan kasuwar Achida, samari masu POS da masu cajin waya, iyaye mata da ke cikin gida, ku saurara! Wayar da ke hannunku tana kai labarinku ga mutanen da ba ku taɓa gani ba.

Yawancin shafukan intanet, da ka buɗe su sai su ajiye wata 'yar alama a wayarka, wadda ake kira kukis, don su gane ka in ka dawo. Suna ganin irin wayarka da yankin da kake da abin da ka tsaya kallo. Ka bincika farashin injin ban-ruwa yau, gobe tallan injin ya biyo ka har Facebook. Ba duba aka yi ba. Kafin shafi ya gama buɗewa an riga an yi gwanjon gurbin talla, wanda ya fi tayi shi zai sa maka hajarsa a gaba. Da kuɗin nan shafuka da dama suke rayuwa, kuma talla ba laifi ba ne. Laifin shi ne a kwashi bayananka ba da saninka ba, ko a jibga maka sharuɗɗa da dogon Turanci a ce ka danna amincewa.

A wasu wurare wannan magana ce ta kasuwanci kawai. A gabashin Sakkwato magana ce ta rai. Ba mu manta da harin Gandi a 2018 ba, ba mu manta da harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba. A Satumban shekarar gwamnati ta toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, don a yanke hanyar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mutanen da suka ga haka sun san hatsarin da ke cikin a san inda kake kwana, da ranar da kuɗin shanunka suka shigo, da lambar ɗan'uwanka da ke aiko maka daga Legas. Bayani in ya fita hannunka, daga wannan hannu sai wancan, ba ka da ikon cewa ga inda zai tsaya.

To me ya sa muke miƙa shi da kanmu? Saƙo ya shigo WhatsApp cewa ana rabon taki ko tallafi, a cika suna da NIN da BVN, sai mu cika, mu kuma tura wa mutum goma don neman lada! Manhajar bashi ta nemi shiga jerin lambobinka, ka buɗe mata, ranar da biya ya yi jinkiri ta aika wa surukanka cewa kai ɓarawo ne. Ɓarnar ta kai har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023.

Doka tana bayanmu. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Kana da ikon tambayar kamfani me ya tara a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka janye amincewarka, ka hana a dame ka da talla. Kada a ce manyan kamfanoni sun fi ƙarfin hukuma: a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, shiga saitin wayarka ka rufe wa duk manhajar da ba ta da dalili hanyar ganin inda kake da lambobinka. Lambar sirrin da banki ya turo, kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga bankin yake. Mai POS, takardar da ke ɗauke da lambar asusun mutane amana ce, kada ta zama ƙunshin gyaɗa. Malamai, Allah ya gafarta muku, ku sa wannan a huɗubar Juma'a. Ɗalibai, ku zauna da iyayenku ku duba musu wayoyinsu.

Shugabannin ƙananan hukumominmu uku da 'yan majalisarmu kuma, ku rubuta wa NDPC: muna son bayanin haƙƙinmu da Hausa a gidajen rediyon Sakkwato, muna son jami'anta su zo Wurno da Rabah da Goronyo ranar kasuwa, su karɓi ƙorafin mutane baki da baki.