A tsare makaranta kafin a ci tarar uwa



Kun san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi hukunci ga iyayen da ba su tura yaro makaranta ba? Karon farko jan kunne, na biyu tarar Naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. To, da aka kwashe 'yan matan Jangebe a 2021, da yaran Kuriga a 2024, wane babba aka ci tararsa? Uwar da ta ga haka ta riƙe 'yarta a gida, tana biyan malama da kuɗin adashinta, ita ce mai laifi? Haba!

Mai ɗora wa yarinya farantin talla daban, mai koyar da ita a tsakar gida daban. Gwamnati ta yi wa masu karatun gida rajista, ta turo masu dubawa, ta bar yaran su zana jarrabawa. Amma kada ta turo mana ɗan sanda.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ko namu ne, ku yi masa wannan tambayar kafin ku karɓi atamfarsa. A tura wa sauran mata.