Masu karatun shari'a, wa zai karanci gidan kaso?

A shekarar 2010 ne aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, don ɗan talaka ya samu lisans ba sai ya kwashi jakarsa zuwa Yamai ba. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ma tana da sashen shari'a. Amma ku tambayi ɗaliban ajin farko abin da suke son zama: alƙali, lauya, ko dai wani babban ofis mai sanyi. Da wuya ka ji wanda zai ce gidan kaso yake son karanta. Wai aikin gardi ne.

To ƴan uwa, can ne shari'ar take ƙarewa. Alƙali yana yanke hukunci cikin awa guda, mutum kuma ya yi shekaru yana zaman hukuncin. Kason Yamai tun zamanin Turawa aka gina shi, don mutane ƙasa da 500, yau ya haura dubu. Kuma fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jira suke. Wani sata ce ta wayar salula, amma takardarsa ta kwanta, ba shi da lauya, don kusan duk lauyoyin a Yamai suke zaune. An kafa ANAJJ a 2011 don taimakon marasa hali, amma hannu nawa gare ta?

Nan ne ɗalibin Tawa ya fi na Yamai dama. Kaso yana garinsa, kotu na kusa, kuma yana jin yaren wanda aka kama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Faransanci ake shari'a, tsoho daga ƙauye sai ya dogara ga tafinta, ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba. Ɗalibin da ya san cewa tsarewar komisariya awa 48 ce, ana sabunta ta sau ɗaya a laifi na yau da kullum, in ya faɗa wa uwar yaro haka da Hausa, wallahi ya yi aiki.

Za a ce ina aikin yi bayan karatun? Tambaya ce mai kyau, ba wanda zai ci takarda. A 2017 an yi dokar da ta tanadi ma'aikatan gidan kaso na musamman, amma har yanzu ƴan Garde Nationale muke gani a bakin ƙofa. Su tsaro aka koya musu. Wa zai bi lissafin wa'adin kowane fursuna, ya raba yara da manya, ya shirya koyon ɗinki ko walda kafin ranar fita? Yaron Kara-Kara da ya shiga saboda faɗan pale, in ya fito hannu wofi, wurin abokansa zai koma, kowa ya sani.

Abin da nake nema ga shugabannin jami'a ba shi da tsada: kwas guda kan gidan kaso a shekara ta uku, da wata biyu na koyon aiki a kason gari da izinin ma'aikatar shari'a. Ku kuma masu neman batun mastar, ku bar kwafar dokokin Faransa haka nan. Ku je ku ƙirga mutum nawa ne a kason Tawa suka wuce shekara ba su ga alƙali ba, ku rubuta, ku kai wa mai gabatar da ƙara.