Sun ce "dakata", suna nufin "tafi"

Ƴan'uwa ɗalibai, in mai iko zai hana ka haƙƙinka, ba kullum yake cewa "a'a" ba. Sai ya ce "dakata tukuna". A Amurka wannan kalma ta zama ƙa'idar shari'a, kuma ni na ce zalunci ne da aka sa wa rigar ladabi.

Mu nan ba mu saba da tsarin ba, to ga yadda yake. Can kowace jiha tana da kotunanta, gwamnatin tarayya ma tana da nata. A 1871, bayan yaƙin basasa, lokacin da ƴan Ku Klux Klan ke kashe baƙar fata, alƙalan jihohin kudu kuwa suna kau da kai, majalisa ta yi doka: wanda hukumar jiha ta take wa haƙƙi ya kai ƙara kotun tarayya. Dalili a fili yake. Ba a ba kura ajiyar nama.

Shekara ɗari cif bayan haka, a 1971, Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Younger da Harris. John Harris, jihar Kalifoniya ta gurfanar da shi don ya rarraba takardun siyasa a Los Anjeles. Takardu fa, irin wannan da ke hannunka. Dokar da aka kama shi da ita ta 1919 ce. Ya garzaya kotun tarayya, alƙalai uku suka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, suka tsai da tuhumar. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsu. Alƙali Hugo Black ya ce muddin ana shari'ar laifi a kotun jiha, ta tarayya ta janye hannunta, don girmama juna. Ya ma raɗa wa abin suna: "Tarayyarmu". Tamu mu da wa? Harris na ciki?

Abin haushin, tun 1969, a shari'ar Brandenburg, kotun nan da kanta ta soke wata dokar Ohayo irin wannan sak, ta kuma yi watsi da hukuncin 1927 da ya halatta ta Kalifoniya. Sun san dokar gawa ce, amma suka ce wa mutum ya koma ya jira. William Douglas kaɗai ya ƙi yarda.

Kuma ba a nan aka fara ba. A 1941, a shari'ar Pullman, wata hukumar Teksas ta ce dole taragon kwana na jirgin ƙasa ya zama ƙarƙashin kwandasta. Kwandastoci duk farare, masu hidimar taragon duk baƙaƙe. Maimakon kotu ta ce wannan wariya ce, sai ta ce a jingine maganar har kotunan Teksas su fassara dokarsu.

Na san abin da masu kare tsarin za su ce: kotu biyu kan magana ɗaya rikici ne, alƙalin jiha ma ya yi rantsuwa da tsarin mulki, kuma akwai ɗaukaka ƙara. Ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Amma alƙalin tarayya kujerarsa ta rai da rai ce, alhali a jihohi da dama alƙali da ƙuri'a yake hawa, da ƙuri'a yake sauka. Wa ya fi tsoron fushin jama'a? Kotun Ƙoli kuwa, cikin dubban ƙararrakin da ake kai mata a shekara, waɗanda take saurare ba su kai ɗari ba. An bar ƴar kafa, wai in ka nuna da mugun nufi ake tuhumarka za a saurare ka, amma da wuya a ga wanda ya wuce ta nan.

Mu masu nazarin harshe mun san "dakata" alkawari ce: in an gama, za a dawo kanka. To a 1980, a shari'ar Allen da McCurry, kotu ta ce batun da kotun jiha ta riga ta yanke, ba a sake buɗe shi a ta tarayya. Ka jira, ka dawo, a ce maka an gama. Jiran gawon shanu ke nan.

A 2013, a shari'ar Sprint, Kotun Ƙoli ta rage faɗin ƙa'idar. Kamfanin tarho ya samu sauƙi. Wanda ake tuhuma don bakinsa ko alƙalaminsa har yanzu yana waje.

In za su kore shi, su ce "tafi" da baki buɗe, kowa ya ji. Mu kuma, duk inda muka ji hukuma ta ce "dakata", mu tambaya: har yaushe, kuma wa ke kwana a kurkuku kafin nan?