Sawun da muke bar wa yara a intanet



Duk lokacin da sakamakon JAMB ko WAEC ya fito, sai ka ga sitatus ɗin iyaye ya cika da hotunan takardar sakamako. Farin ciki ne, kuma ba laifi a yi shi. Amma a tsaya a duba abin da ke jikin takardar: cikakken sunan yaro, lambar jarrabawarsa, a wata har da hotonsa da ranar haihuwarsa. Abin da ɗan damfara yake nema ke nan kafin ya bugo waya ya ce zai ƙara wa yaro maki ko ya samo masa gurbi a jami'a, kuma JAMB ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan mutane. Wani zai ce ai sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. Gaskiya ne, sai dai wanda ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya adana, nasa ba ya ɓacewa.

Muna yawan yi wa yara faɗa a kan abin da suke sakawa, alhali sawun farko da yaro yake da shi a intanet, galibi manya ne suka taka masa. Daga hoton ranar suna, sai na ranar shiga makaranta, yana sanye da yunifom mai tambarin makarantar, tsaye a ƙofar gida. Wanda bai san yaron ba ya riga ya san sunansa da makarantarsa da unguwarsu.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na cikin aji. Malami zai ɗauki bidiyon yarinyar da ta kasa karanta kalma, ko yaron da yake kuka ana yi masa horo, ya ɗora a TikTok don a yi dariya. Mutane za su yi dariyar su wuce. Ita kuwa yarinyar gobe za ta dawo ajin nan, kowa ya gani, har da 'yan unguwarsu. Irin wannan kunya tana sa yaro ya daina ɗaga hannu a aji, wani ma ya fara ƙirƙirar ciwon ciki kullum da safe don kada ya je. Kuma bidiyon yana nan har ta girma, har ranar da za a zo neman aurenta. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai da yardar uwa ko uba ko mariƙi za a yi amfani da bayanan wanda bai kai shekara 18 ba, hoton fuska kuwa bayani ne. Don haka iyaye suna da damar tambayar makaranta a taron iyaye da malamai: wa yake ɗaukar yaranmu hoto, kuma ina ake kai hotunan?

Shi ma malamin yana da sawun da zai kiyaye. Ɗalibai suna neman sunan malaminsu a Facebook, iyaye ma haka. Malamin da yake zage-zagen siyasa da dare, da wuya ya hana zagi a aji da safe. Hira ta sirri da ɗaliba a WhatsApp kuwa, ko da kan aikin gida ne, gara a bar ta. A yi magana a zauren aji inda akwai wani malami ko wakilin iyaye, hakan kariya ce ga su biyun.

Sai manyan ɗalibai, musamman masu burin karatu a waje. A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin da ta bai wa ɗalibai aƙalla 10 saboda munanan barkwancin da suka riƙa tura wa juna a wani zaure na Facebook da suke ganin na sirri ne. Tun 2019 kuma takardar neman bizar Amurka take tambayar sunayen da mutum ya yi amfani da su a shafukan sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce, sannan a Yunin 2025 aka umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu don a duba. Ke nan abin da yaro ya rubuta yana aji huɗu a sakandare zai iya tarar da shi a ofishin jakadanci.

A ƙarshen makon nan, ku zauna da yaranku ku rubuta sunan kowa a Google, har da naku, ku ga abin da zai fito. Abin da ba ku so, a goge wanda za a iya, a roƙi wanda ya saka ya cire. In kuma sakamako ya fito, a rubuta makin da hannu a yi murna, takardar a bar ta a cikin jaka.