Yaron da ke Toshe Kunne a Cikin Aji

'Yan'uwa, da wuya a rasa wani yaro a makarantunmu na Islamiyya wanda malamai suka gaji da shi. Da zarar aji ya ɗauki karatu baki ɗaya, sai ya toshe kunnuwansa yana kuka. A kira sunansa, ba ya waiwayowa. A yi masa tambaya, sai ya maimaita ta. Hukuncinmu a kansa bai wuce biyu ba: ko a ce taurin kai ne a sa masa bulala, ko a ce aljanu ne a kwashe shi zuwa gidan boka. Duka biyun zalunci ne, na biyun kuwa har da taɓa aƙida.

Sau da yawa abin da ke damun irin wannan yaro shi ne lalurar da likitoci ke kira otizam, wadda wasunmu ke sanyawa cikin galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan nazarin yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kimanin yaro 1 cikin 100. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, gado yana da babban kaso a ciki, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta. Wani ba ya magana sam, wani kuwa haddarsa ta fi ta kowa a aji.

Wata alamar ma al'adarmu ce ke ɓoye ta. Yaron ba ya haɗa ido da mutane, mu kuwa sai mu yaba, mu ce kunya ce da ladabi.

Abin da muke nema ga malamai bai kai kuɗin buhun siminti ba. Hayaniyar da mu ba ma ji, shi azaba ce a kunnensa. To a zaunar da shi a gefen da sauti ya yi sauƙi, kuma kada a riƙa sauya masa wuri, domin canjin ba-zata yana rikita shi. A ba shi umarni ɗaya a gajarce, a jira shi ya amsa. Abin da za a iya nuna masa a allo ko a hoto, a nuna. Idan ya birkice, a fitar da shi inuwa ya huce, a ajiye bulala.

Shugabannin makarantu kuma su zauna da iyaye cikin sirri da girmamawa, su ba su shawarar ganin likitan yara tun da wuri, kafin a tsara ajujuwan zango mai zuwa.